Ƙaramin Dam: Yana Tare Ambaliya, ko Shi Ma Abin Tsoro Ne?

Na Kawo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Duk shekara idan Agusta ta raba tsakiya, Kogin Kaduna ya fara leƙa gidajen birnin Kaduna a Kigo Road da Rafin Guza da gefen Unguwar Rimi da Nasarawa, magana biyu ce ke yawo a wayoyi. Ta farko wai "an buɗe dam". Ta biyu wai da gwamnati za ta yawaita ƙananan madatsun ruwa a karkara, da an huta da ambaliya. Sau da yawa ma baki ɗaya ne ke faɗin duka biyun. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su warware mana: ƙaramin dam na ƙasa, irin wanda ake yi don shayar da dabbobi da noman rani, ruwa nawa yake iya riƙewa idan ambaliya ta taso? Kuma duba lafiyarsa a wuyan wa yake?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara kawar da ta farkon, don ita ke rikita mutane. Madatsun Shiroro da Zungeru duk a kan Kogin Kaduna suke, amma a Jihar Neja, can ƙasa da mu. Ruwan da aka saki a Shiroro wajen Wushishi ya nufa, ba zai juyo ya hau tudu zuwa Kabala ba. Gurara a kudancin jiharmu yake, amma koginsa daban ne, Kogin Neja yake faɗawa. Lagdo na Kamaru kuwa Binuwai yake zuba wa. Waɗanda ke sama da birnin Kaduna su ne irin su Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi, da madatsun da ke kan Galma ta wajen Kubau da Zariya.

Kangimi an gina shi ne a shekarun 1970 don a riƙa sako ruwa cikin kogi da rani, matatar ruwan birni ta samu abin ja. Duk dam ɗin da aka gina da irin wannan manufa, burin mai kula da shi damina ta ƙare yana cike taf. Ƙananan madatsun karkara kuma yawancinsu ba su da ƙofa ko ɗaya. Mafita ce kawai a gefe, buɗaɗɗiya, idan ruwa ya kai bakinta ya wuce da kansa. Babu wanda ya buɗe komai. Randar da ta riga ta cika, abin da ka zuba mata shi zai malalo.

Baban Khadija:
Injiniya, na yarda da kai a kan taswira, amma ka ɗan rage wa cikakken dam daraja. Bari mu yi lissafi da misali.

A ce yankin da ke zubo wa dam ruwa murabba'in kilomita 10 ne. Aka yi ruwan milimita 80 cikin dare ɗaya a watan Satumba, ƙasa ta riga ta ƙoshi, rabin ruwan ya gangaro. Kubik mita 400,000 ke nan. A ce faɗin saman tafkin hekta 20 ne. Kowace mita 1 da ruwa ya tashi a tafkin, kubik mita 200,000 ya zauna. Ko da dam ɗin a cike yake har bakin mafita, ruwan ba ya fita da saurin da ya shigo, sai ya fara tashi sama da bakin tukuna. Idan ya tashi mita 1, rabin ambaliyar ya dakata a tafki na wasu sa'o'i, yana fita a hankali. Ga ƙauyen da ke ƙasa, wannan shi ne bambancin ruwa ya tsaya a gonaki ko ya shiga ɗaka.

Injiniyan Ruwa:
Haka ne, ranka ya daɗe, amma ka zaɓi dam mai sa'a. Tafkinka kashi 2 cikin 100 ne na yankinsa. Juya lissafin zuwa abin da aka fi gani a karkara: tafki hekta 5, yankin da ke zubo masa murabba'in kilomita 30. Wannan ruwan na milimita 80 zai kawo kubik mita miliyan 1.2. Mita 1 a kan hekta 5 kubik mita 50,000 ce, kimanin kashi 4 cikin 100. Kafin ambaliyar ta kai ƙarfinta ya gama cika, abin da ya shigo shi ke fita. Don haka kafin a ce dam yana tare ambaliya a fara tambayar abu biyu, faɗin tafkinsa da faɗin ƙasar da ke zubo masa.

Shi kuwa Kogin Kaduna, tun daga tsaunukan Jos yake tattaro ruwa, a kan dubban murabba'in kilomita kafin ya iso birni. Dam mai hekta 20 amfaninsa ga rafinsa ne da ƙauyuka biyu ko uku da ke bin rafin. Mutumin Kigo Road ba zai ga alamarsa ba.

Na Kawo:
To me zai hana a rage ruwan tun kafin manyan ruwaye su zo, a samar masa wuri?

Ɗan Zazzau:
A nan ne rigimar take, Malam. Ruwan da kake cewa a zubar shi ne tumatir da albasa da barkonon watan Fabrairu. Damina a nan tana ɗaukewa ne a Oktoba, wata shekara tun farkonsa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu rana da iskar hunturu kaɗai kan kwashe kusan mita 1 daga saman tafki, ban da abin da ƙasa ke sha. Idan aka rage mita 1 a tsakiyar Satumba ruwa kuma ya ɗauke, masu lambu da makiyaya sun shiga uku, kuma mai gadin dam za su kama. Shi ya sa da damina babu mai yarda ya taɓa bawul ɗin bututun da ke fitar da ruwa ta gindin dam.

Baban Khadija:
Ban da haka ma, bututun kansa ba ya iya aikin gaggawa. Bututu mai faɗin milimita 300, da ruwa mai zurfin mita 6 a kansa, abin da zai fitar bai wuce kubik mita 0.3 a daƙiƙa ba, kimanin 26,000 a rana. A tafki mai hekta 20, santimita 13 ke nan a rana. Rage mita 1 sai an yi kwana 8, kuma da sharaɗin babu ruwan da ke shigowa. Ba abu ne da za a ga hadari ya haɗu da la'asar a ce a garzaya a buɗe ba.

Abin da ke yiwuwa shi ne a rubuta ƙa'ida tun kafin damina: daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba bawul a buɗe, a riƙe ruwa ƙasa da bakin mafita da santimita 50 ko mita 1, bayan nan a rufe. Dam ɗin da ruwa biyu masu kyau ke cika shi ba ya asarar komai da wannan. Amma a zauna da ƙungiyar manoman rani da ardo da sarkin ruwa a sa hannu, kowa ya san ranar rufewa.

Dam ɗin tare ambaliya na ainihi kuwa gininsa daban ne. Bututu ake bari a gindinsa ba bawul, kullum a buɗe. Yawancin shekara wayam yake, ciyawa ce a ciki. Ruwa ya zo ya cika shi, cikin kwana ɗaya ko biyu ya tsiyaye. Sai dai ku nemo mana ɗan siyasar da zai yanka zare a gaban busasshen rami.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Ina karanta lissafinku, duk daidai ne, amma a kan dam mai lafiya kuke yin sa. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da bangon ya ɓalle. Ku ɗauki mafita mai faɗin mita 20, ruwa na bin kanta da zurfin mita 1. Tana fitar da kusan kubik mita 34 a daƙiƙa. Yanzu a ce tafkin yana ɗauke da kubik mita miliyan 1, bango ya tsinke, ruwan ya fice cikin sa'a guda. Kubik mita 278 ke nan a daƙiƙa, ninki takwas. Rafin bai taɓa ɗaukar irin wannan ba tun da aka halicce shi. Dam ɗin da ke rage ambaliya kaɗan-kaɗan shekara 30 yana iya haifar da wadda ta fi su duka a dare ɗaya.

Ba sabon abu ba ne a Arewa. Bagauda a Kano ya fashe a Agustan 1988. Madatsar Gusau ta ɓalle a 2006, ƙofofinta sun ƙi buɗuwa lokacin da ake buƙatarsu. Alau ya ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024 ya mamaye Maiduguri, bayan wanda aka gani a 1994. Waɗannan manya ne da ke da hukuma da ma'aikata. Ina ga wanda ke bayan ƙauye, babu ko allon suna?

Bangon ƙasa hanya biyu ya fi mutuwa. Ko ruwa ya haura samansa ya cinye shi ta baya, ko ya ɓula rami ta cikinsa.

Injiniyan Ruwa:
Hajiya, bari in ɗauki ta farkon, ke ki yi mana ta biyun, don fanninki ne.

Bangon ƙasa ba a gina shi don ruwa ya bi ta kansa ba, ko na taƙi ɗaya. Da ruwa ya haura, sai ya fara yanka gangaren baya daga ƙasa, ramin yana tafiya da baya har ya cinye saman. Abin da ke kare shi tazarar da ke tsakanin bakin mafita da saman bango ce. A ƙaramin dam ana barin kamar mita 1.5: mita 1 ta ruwan ambaliya, santimita 50 ta igiyar ruwa da ko-ta-kwana.

Ga yadda ake cinye wannan tazara. A ƙarshen damina masu lambu su jera buhunan yashi ko su ɗora bulo a bakin mafita, santimita 50, don a ƙara ajiya. Niyyarsu ba mugunta ba ce. Amma idan ba a cire ba har damina ta gaba, ambaliyar da dam ɗin ke wucewa da ita lafiya yanzu za ta taɓa saman bango. Ƙarfin mafita kuma ba a miƙe yake raguwa ba. Waccan mai mita 20, da zurfin mita 1 tana fitar da 34, da zurfin santimita 50 kuwa 12 kacal, kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai masunta su shimfiɗa raga ko waya a bakin don kada kifi ya gudu, ciyawa da karare da leda su maƙale, ragar ta zama katanga. Sai kachalla da ƙananan itatuwa su tsiro a hanyar. Wani wuri ma an yi hanyar mota ta ratsa mafitar, aka binne kwalbati biyu masu faɗin milimita 900, wai su ne za su ɗauki aikin mita 20.

Ta ɗaya ɓangaren kuma saman bangon yana lotsawa. Inda tsohon rafi ya bi, nan bango ya fi tsayi, nan ya fi zama. Inda shanu ke tsallakawa kullum ya zama kwari. Ruwa ba ruwansa da tsayin da aka rubuta a takarda, wuri mafi ƙasa yake nema. Shi ya sa duk shekara biyu ko uku ya kamata a kawo mai awo ya bi saman bangon, duk mita 20 ya ɗauki tsayi, a gwada da bakin mafita.

Kar a manta da ƙarshen mafitar. Idan ruwa na faɗawa kan jar ƙasa ba dutse ko kankare, kwazazzabo zai buɗe ya riƙa tahowa da baya duk damina. Ranar da ya iso bakin, tafkin ya tafi ta nan.

Maman Sadiq:
To. Kowane bangon ƙasa yana tsattsafo da ruwa, wannan ba aibi ba ne. Abin dubawa uku ne: launinsa, yawansa, da wurin da yake fitowa.

A tari ruwan a farar kwalba a ajiye ta minti 10. Idan garau yake, babu komai a ƙasan kwalbar, to ruwa ne kawai ke wucewa. Idan ya yi ja ko laka ta kwanta, jikin bangon ne ke fita, kuma ramin yana ƙara faɗi daga baya zuwa tafki. Yawan kuma a auna shi da bokiti mai lita 10 da agogon waya, a wuri ɗaya, a rubuta tare da tsayin ruwan tafki na ranar. Idan tafki ya tashi yoyon ya ƙaru kaɗan, ba mamaki. Idan tafki na nan yadda yake amma bokitin da ke cika a daƙiƙa 60 ya koma cika a 30, a kira injiniya ranar. Wuri kuma, tsattsafo a gindin bango ta magudanar tsakuwa da aka tanada daidai ne. Wanda ya ɓullo a tsakiyar gangaren baya, ko a gefen bututu, ko inda bango ya haɗu da tudu, shi ne mugun. Da rani ana gane shi da ido: ko'ina ya bushe, sai wani fili guda kore shar.

Kuskuren da aka fi yi idan an ga ruwa na ɓuɓɓugowa da yashi a bayan dam shi ne a toshe shi da laka ko siminti. Ƙarfin ruwan yana nan, zai fashe ta wani wuri, kuma ya fi na farko muni. Abin yi shi ne a kewaye wurin da buhunan yashi kamar bakin rijiya, ruwan ya taru a ciki ya tashi har gudunsa ya ragu ya daina ɗauko ƙasa, a bar masa inda zai malala. Ko a shimfiɗa yashi mai tsabta santimita 30, a ɗora tsakuwa, a ɗora duwatsu. Ruwa ya fita, ƙasa ta zauna. A lokaci guda a fara rage tafkin.

Masu buɗe wa ruwa hanya kuwa sanannu ne. Gara ce kan gaba a ƙasarmu. Surin da ka gani a kan bango, ramukansa sun yi nisa a ciki. Rushe kansa ba ya magani, sai an tona har ɗakin uwar, a zuba magani, a mayar da yumɓu mai danshi santimita 15-15 ana dannewa. Sai gafiya da burgu. Sai itatuwa. Dalbejiya ko mangwaro a kan bangon dam inuwa ce mai tsada. Ƙanana a sare su tun suna ƙanana. Babba kuwa kar a sare a bar kututturen, don saiwar za ta ruɓe cikin 'yan shekaru ta bar rami kamar yadda ta bi. Sai an rage ruwa, an tono saiwoyin, an cike da kyau, injiniya na tsaye. Abin da ake so a jikin bango gajeriyar ciyawa ce mai kama ƙasa irin ƙirikiri, a riƙa yanke ta don ido ya ga abin da ke ƙarƙashi.

Ɗan Zazzau:
Hajiya, tsagewar da ake gani a saman bango da bazara fa? Kusan kowane dam yana da ita.

Maman Sadiq:
A duba inda ta dosa, Malam. Ƙananan tsage-tsage barkatai marasa zurfi bushewa ce, musamman idan an yi amfani da baƙar lakar fadama, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani. A cike su kafin ruwan farko. Wadda ta bi tsawon bango, gefe ɗaya ya ɗan sauka ƙasa da ɗayan, alamar gangaren na shirin zaftarewa ce. Wadda ta ratsa bango daga ɓangaren ruwa zuwa baya ita ce mafi haɗari, don hanya ce a shirye. A zura sanda a ga zurfinta, a kafa turaku biyu a gefe da gefe, a riƙa auna tazararsu duk mako.

Baban Khadija:
Tun da an ambaci rage tafki, akwai gargaɗi. Idan ba gaggawa ba, kada a sauke ruwa fiye da santimita 15 zuwa 30 a rana. Jikin bangon ya sha ruwa ya yi nauyi, ruwan tafki ne ke tokare shi ta gaba. Idan aka janye tokarar da sauri, gangaren gaba zai zame cikin tafki.

Matsalar kuma ita ce bawul ɗin da ba a taɓa shi ba shekara 10 ba zai juya ba, ko laka ta binne bakin bututun. Cikowar laka ba ƙaramin abu ba ne a nan. Dam ɗin Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru an daɗe ana nazari a kan yadda laka ta cinye masa wuri. Bawul a buɗe shi gaba ɗaya a rufe aƙalla sau biyu a shekara, a shafa masa giris. Idan bawul ɗin a bayan bango yake, ku sani bututun kullum cike yake da ruwa mai ƙarfi a cikin jikin dam, tsatsa ta huda shi ko mahaɗa ta saki, ruwan cikin bango zai shiga. Inda bawul ya mutu, ana iya ɗora bututun roba mai inci 6 ta saman bango, a cika shi da ruwa, a toshe bakin biyu, a buɗe na cikin tafki sannan na baya, ya riƙa zuƙowa da kansa. Bakin baya ya kasance ƙasa da saman tafki, kuma a ja shi nesa da gindin bango a sa masa duwatsu. Idan tsayin da zai hau ya wuce mita 5 ko 6 ba zai ja ba.

Na Kawo:
Allah ya saka da alheri. Saura rabin tambayata. Duk wannan dubawa, aikin wa ne?

Injiniyan Ruwa:
Aikin mai dam ne. Wahalar ita ce gano mai dam ɗin. Wasu na tarayya ne, ƙarƙashin hukumomin raya kogunan da aka kafa a 1976, kuma Jihar Kaduna tana ƙarƙashin ta Neja ta Sama mai hedikwata a Minna. Wasu na hukumar ruwan sha ta jiha ne. Wasu na jami'a ko gona mai zaman kanta. Waɗannan an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Sai kuma tarin waɗanda ƙaramar hukuma ta yi, ko aikin mazaɓa, ko wani shirin tallafi da ya nannaɗe tabarmarsa tuntuni, ko ramin da kamfanin hanya ya ɗebi ƙasa aka tare bakinsa. Ɗan kwangila ya tafi da zanen, babu takardar miƙawa, babu kasafin gyara.

A ma'aunin hukumar manyan madatsun ruwa ta duniya, babban dam shi ne mai tsayin mita 15 zuwa sama, ko mai mita 5 zuwa 15 da ke ɗauke da fiye da kubik mita miliyan 3. Waɗanda ba su kai nan ba su ne ke sulalewa daga lissafi. Ni a ganina ba tsayi ya kamata a duba ba, a duba wa ke kwana a ƙasansa. Dam mai mita 7 da gidaje 200 a bayansa ya fi buƙatar ido a kan mai mita 12 da ke tsakiyar daji. Kuma wannan yana canzawa. An gina shi babu kowa a ƙasa, yau gari ya bunƙasa, an yanka filaye har cikin hanyar ruwan. Masu ba da izinin gini ya kamata su san iyakar inda ruwan zai kai idan ya ɓalle.

Hukumar NiHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, NiMet na fitar da na damina. Suna da amfani, amma ƙananan hukumomi suke ambata, ba za su gaya maka bangon ƙauyenku ya lotsa ba. Hukumomin agajin gaggawa, NEMA da SEMA, kuma yawanci bayan abu ya faru ake ganinsu. Ilimin kuwa ba nisa ya yi ba, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando.

Maman Sadiq:
Kafin hukuma ta zo, abin da gari zai iya yi ba shi da tsada. Mutum biyu da aka sani da suna, ba "matasan gari" ba. Littafi ɗaya. Sandar awo a cikin tafki inda ake hangen ta daga tudu, da fenti kala uku: kore har bakin mafita, rawaya daga nan zuwa santimita 50 ƙasa da saman bango, ja daga nan zuwa sama. A Maris ko Afrilu, ruwa ya ja baya, a bi bangon gaba da baya a ƙafa, a share mafita, a cire buhuna da raga, a mayar da duwatsun gaba da suka zube. A Agusta da Satumba a duba duk mako, da kuma washegarin duk wani babban ruwa. Injiniya ya zo sau ɗaya a shekara ya karanta littafin.

Sai tsarin gargaɗi. Ruwan da ke gudun mita 2 a daƙiƙa zai isa ƙauyen da ke nisan kilomita 3 cikin minti 25. Babu lokacin neman lambar kansila. Ruwa ya shiga rawaya, mai gadi ya kira mai unguwa da dagaci. Ya taɓa ja, ko aka ga yoyo mai laka yana ƙaruwa, ko aka ga ruwa na juyawa a tafki kusa da bango, lasifikar masallaci da ƙararrawar coci su tashi, a kira 112, kowa ya nufi tudun da aka riga aka ambata. A hau gefe, kada a bi rafi ana tsere da ruwa. A san tun da rana wa zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya, don yawancin manyan ruwayen nan da dare suke sauka.

Ɗan Zazzau:
Tambaya ta ƙarshe daga ɓangaren manoma. Laka ta cinye ajiya, ruwa ba ya kai su Maris, shi ya sa suke jera buhuna. Idan an hana su, sai a ba su mafita. Ƙara tsayin bango fa?

Injiniyan Ruwa:
Yana yiwuwa, amma ba a juye tifa goma a sama a baje ba. Duk tsayin da aka ƙara, gindin sai ya faɗaɗa ta baya daidai gwargwado, don gangaren ya tsaya yadda yake, saman kuma kada ya gaza mita 3. A kankare ciyawa da ƙasar sama, a yanka tsohon gangaren hawa-hawa don sabuwar ƙasa ta kama, a zuba santimita 15 zuwa 20 a jiƙa a bi da rola, sannan a sake zubawa. A tsawaita bututu da magudanar tsakuwar gindi, kada a binne su. Sai bango ya gama hawa ake ɗaga bakin mafita, ba kafin nan ba.

Sau da yawa kwashe lakar a Afrilu ya fi araha, manoma ma suna son ta a gona. Sai dai a bar aƙalla mita 15 zuwa 20 daga gindin bango ba a tona ba, kuma kada a huda shimfiɗar yumɓun da ke ƙasan tafkin har a tarar da yashi, in ba haka ba ruwan zai riƙa bi ta ƙarƙashin bangon. Masu haƙar yashi da tifa ma wannan iyakar ta shafe su, gaba da baya.